Hasken gida da rage kuɗin wuta a Jos

A Jos, kamar sauran biranen Najeriya, gida ɗaya yakan haɗa ƙwan lantarki, da fitilar caji, da tocila, da hasken wayar hannu, wani lokaci har da kyandir ko ƙaramin janareto, kowanne da lokacinsa. Tun da mita mai kati ta soma yawaita, aka kuma ƙara farashin wuta a 2024, irin ƙwan da ake ɗaurawa da yawan sa'o'in da yake yi a kunne sun shiga lissafin magidanta na wata-wata. Ribar da ake samu a nan ta gaske ce, amma tana da sharaɗi: sai gidan yana da mita, kuma sai an san abin da ke cin wuta da abin da ba ya ci.

Kafin zuwan lantarki

Fitilar da aka fi sani a ƙasar Hausa tun da daɗewa ita ce aci-bal-bal, ƙaramin kasko na yumɓu ko na ƙarfe da ake zuba wa man gyaɗa, ko man kaɗe, ko manja, a sa masa lagwani na auduga. Da kananzir ya shigo a zamanin Turawa, sai maƙera suka riƙa yin irinta da gwangwani, kantuna kuma suka kawo fitilar ƙwai, wadda gilashinta ke tare iska. Masu hali da masu shayi da masu tsire sukan sayi fitila mai famfo, wadda haskenta ya fi sauran nesa ba kusa ba, sai dai tana shan mai kuma lagwaninta ba ya jure girgiza. Makarantun allo kuwa sun daɗe suna karatun dare a gefen wutar kara.

Hasken waɗannan fitilu kaɗan ne idan aka auna shi da ma'aunin zamani. Fitilar gwangwani tana ba da kimanin lumen 10 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), fitilar ƙwai kuma ba ta cika wuce lumen 50 ba, alhali ƙwan lantarki na tsakiyar ɗaki yana ba da wajen 800. Duk da haka fitilar ƙwai ta riƙe matsayinta a gidaje shekaru da dama bayan zuwan lantarki, domin kananzir yana da araha a lokacin. Tsadar da ya yi bayan janye tallafinsa a 2016, tare da shigowar fitilun caji masu rahusa daga Sin, su ne suka kusa kore ta daga cikin gari.

Kuza da wutar Filato

An fara samar da lantarki a Najeriya a Legas, a 1896 bisa ga yawancin bayanai, ko da yake wasu na cewa 1898. Tarihin Filato kuwa ya bi tasa hanyar daban, domin ba gwamnati ce ta kawo wuta can ba, haƙar kuza ce. Kamfanonin Turawa da suka bazu a kewayen Bukuru da Barikin Ladi tun farkon ƙarni na 20 suna buƙatar ƙarfi mai yawa don juya famfunan tsotse ruwa da manyan injinan haƙa, itace ya yi ƙaranci a tsaunin, kawo gawayin kwal daga Inugu kuma akwai tsada. Abin da Filato ke da shi a yalwace shi ne ruwa mai gangarowa daga tudu, domin ƙasar ta haura mita 1,200 bisa teku, koguna kuma suna faɗowa daga gefenta.

A farkon shekarun 1920, galibi ana cewa 1923, aka kafa tashar farko a magangarar ruwa ta Kwall. A 1929 kamfanin lantarki na NESCO ya fara aiki, ya gina tasha a Kurra, daga baya ya ƙara wasu a Jekko da Ankwil, da madatsun da ke tara ruwan damina don amfanin rani. Mazauninsa yana Bukuru. Da farko wutar ta wuraren haƙa ce da gidajen ma'aikatan kamfani, sannu a hankali ta shiga gari. Wannan ya sa yankin Jos ya ga lantarkin ruwa fiye da shekaru arba'in kafin a kammala madatsar Kainji a 1968.

Wani abin lura shi ne, lokacin da gwamnati ta haɗa harkar lantarki a hannu ɗaya, wato kafa hukumar lantarki ta ECN a 1950, sannan NEPA a 1972 bayan haɗe ECN da hukumar madatsun Neja, NESCO ya ci gaba da zama kamfani mai zaman kansa. Shekaru da yawa mazauna Bukuru da wasu unguwannin Jos suna rarrabe "wutar NESCO" da "wutar NEPA", kuma an daɗe ana yaba ta farkon da rashin yawan ɗaukewa. Bayan faɗuwar kasuwar kuza a shekarun 1980, yawan jama'a ya wuce abin da waɗancan tsofaffin tashoshi za su iya ɗauka.

A 2005 aka yi dokar gyaran fannin lantarki, NEPA ta koma PHCN, aka kuma kafa hukumar NERC mai sa ido da tsayar da farashi. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Su goma sha ɗaya ne a ƙasar a lokacin, kuma na Jos, wato JED, shi ke kula da jihohin Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai. Har yau dai mutane "NEPA" suke cewa.

Farashi da mita

Ana sayar da wuta da yunit, kuma yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 za ta ci a sa'a guda (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da na'ura ke ja). Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi alkawarin ba su a rana: rukunin A aƙalla sa'o'i 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit, aka sauko da shi zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.50 a Yuli. Sauran rukunan sun ci gaba da biyan farashi mai tallafi. Akwai kuma harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai.

Gidan da ba shi da mita, bil na ƙiyasi ake kawo masa. Irin wannan gida ko da ya canza dukkan ƙwayayensa, ya kwana a duhu, kuɗin da za a rubuta masa ba zai ragu ba, domin ba a kan abin da ya sha aka yi lissafin ba. Shi ya sa a unguwannin da mita ba ta wadata ba ake ganin ƙwan ƙofar gida a kunne da tsakar rana, babu mai damuwa. A 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa marasa mita, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta fara shirin raba mita kyauta. Ƙorafi kan ƙiyasi da kan sanya unguwa a rukunin da ba ta samun sa'o'insa bai ƙare ba. Kamfanoni kuma suna kukan satar wuta da rashin biya.

A gidan haya mai ɗakuna da yawa da mita ɗaya, raba kuɗin kati yakan jawo saɓani. Wasu gidajen suna ƙidaya ƙwai da soket na kowane ɗaki, wasu suna sa wa kowa ƙaramar mita ta cikin gida.

Ire-iren ƙwai

Tsohon ƙwai mai zare, wanda ke ba da haske ja-ja, asalinsa aikin Joseph Swan a Ingila ne da Thomas Edison a Amurka wajen 1879. Zaren da ke cikinsa ne ke yin zafi har ya haskaka, don haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama. Mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, kuma yana yin sa'o'i wajen 1,000 kafin ya ƙone. Masu kiwon kaji a kewayen Jos har yanzu suna nemansa, saboda zafin nan ne suke so don ɗumama 'yan tsaki a lokacin sanyi.

Dogon ƙwai fari na ofisoshi da makarantu, da ɗan'uwansa mai murɗaɗɗen gilashi da ake kira enaji, sun fi shi tattali sosai: mai wat 13 zuwa 15 yana ba da hasken mai wat 60. Gana ta raba irin wannan ƙwai miliyan shida kyauta a 2007 lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Najeriya ma ta yi gwajin raba miliyan ɗaya wajen ƙarshen shekarun 2000, da haɗin gwiwar Kuba da ECOWAS. Aibinsa biyu ne: ba ya son wuta marar ƙarfi, kuma akwai ɗan sinadarin makuri mai guba a cikinsa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da makuri, har da Najeriya, sun amince a 2022 a daina ƙera ƙanana daga cikinsu zuwa 2025.

Ƙwan LED shi ne ya mamaye kasuwa yanzu. Ya samu ne bayan masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun gano yadda za a yi LED mai shuɗin haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Mai wat 8 zuwa 10 ya isa ya maye gurbin tsohon mai wat 60, kuma na kirki an ƙera shi ya yi sa'o'i 15,000 ko fiye. Da yawa daga cikinsu suna kamawa ko da wuta ta zo ba ƙarfi. Matsalar kasuwa ita ce jabu: akan ga kwali an rubuta wat 20 ko 30 alhali abin da ke ciki bai kai rabi ba, ko ƙwai ya dusashe cikin 'yan watanni saboda zafi ya kashe kayan cikinsa. Adadin lumen da ke jikin kwali ya fi wat nuna yawan haske. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin irin waɗannan kaya.

Lissafin a fili yake. Gida mai ƙwai 10 na wat 60, kowanne yana kunne sa'o'i 6 a rana, zai ci yunit 108 a kwana 30, wato sama da Naira 22,600 a farashin rukunin A na Yulin 2024, ban da haraji. Idan aka musanya su da LED mai wat 9, abin zai sauko zuwa yunit 16 da ɗan kai, kusan Naira 3,400. Gidan da ya riga ya koma LED kuwa, ko ya kashe ƙwai ɗaya na tsawon dare, bai tsira da ko kashi ɗaya cikin goma na yunit ba.

Tocila da fitilar caji

Tocila mai batir ta daɗe a hannun masu gadi, da mafarauta, da masu fita sallar asuba. Batirin da ake yarwa shi ne hanya mafi tsada ta sayen lantarki: sai an haɗa kusan ɗari na manyan batura kafin a tara yunit ɗaya. Tocilar caji ta sauya wannan lissafi gaba ɗaya. Batirin litiyam guda da ke cikin yawancinsu yana ɗaukar abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na yunit ba, wato cajinsa bai fi Naira biyu ko uku ba ko a farashi mafi tsada.

Akwai gidajen da ke kashe ƙwan bayi da na zaure da na tsakar gida su dogara da tocila ko da akwai wuta. Idan tsofaffin ƙwayaye ne a wuraren, akwai riba. Idan LED ne, ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma barin tsakar gida ko matakala a duhu yana da haɗari ga tsofaffi da yara. Babban amfanin tocila da fitilar caji yana bayyana ne idan an ɗauke wuta, domin su ne ke hana a tayar da janareto don haske kawai, abin da ya zama nauyi sosai tun janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Haka kuma suna maye gurbin kyandir, wanda ya sha haddasa gobara a ɗakunan da aka yi barci aka bar shi a kunne.

Fitilun caji masu arha galibi ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, wanda ke lalacewa da wuri idan ana barinsa ya mutu ƙurmus kafin a sake caji. Masu litiyam sun fi daɗewa, amma ba a son a bar su cikin rana ko a ci gaba da amfani da wanda ya kumbura. Akwai kuma ƙwai mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske na 'yan sa'o'i bayan an ɗauke wuta, da fitilun sola masu ɗan faranti da ake shanyawa a rufin ɗaki. Lokacin hazo ƙura tana rufe farantin, sai an riƙa goge shi.

Abin da ya fi haske cin wuta

Yanayin Jos ya sa tsarin cin wutarta ya bambanta da na Kano ko Abuja. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba su da nauyi sosai a nan, amma dumama ruwa yana da shi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Hitar da ake tsomawa a bokiti tana cin wat 1,000 zuwa 1,500, dutsen guga wajen 1,000, risho na lantarki ma haka ko fiye. Hita mai wat 1,500 da aka bari minti 30 ta cinye abin da ƙwan LED mai wat 9 zai ci a sa'o'i sama da 80. Firji kuma, ko da yake ba ya jan wuta da yawa lokaci guda, ba ya hutawa dare da rana, tsoho mai lalatacciyar robar ƙofa ya fi ci.

Zubar da matattun kaya

Ƙwan enaji da ya fashe a ɗaki, a buɗe tagogi, a kwashe gilashin da kwali ba da hannu ba. Batirin dalma masu sayen tsofaffin ƙarafa suna karɓa. Sauran batura da matattun fitilun caji galibi bola suke ƙarewa, inda akan ƙona su tare da shara.