Ciyawar da doka ta tsana, tsofaffi suka san darajarta

A shekarar 1936 ƙasar Ireland ta kafa dokar miyagun ciyayi, wadda ta wajabta wa manomi kawar da wasu tsirrai daga gonarsa, in ya ƙi a ci shi tara. A cikin jerin akwai wadda ake kira buachalán buí da harshen Irish, mai fure ruwan ɗorawa, wadda ke lalata hantar shanu da dawakai ko da ta bushe a cikin abincinsu.

Shekara guda bayan haka sai hukumar adana al'adun gargajiya, wadda aka kafa a 1935 a ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta ɓullo da wata dabara. Daga 1937 zuwa 1939 aka sa yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare kusan 5,000 su koma gida su tambayi kakanni da maƙwabta, su rubuta abin da suka ji. Aka tara shafi wajen 740,000, kuma ciyayi da magungunan gida na cikin abin da aka ce su tambaya.

Lokacin ya dace ƙwarai. Tsofaffin nan 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka tsira daga babbar yunwar 1845 zuwa 1852, da cuta ta cinye dankali, mutum kusan miliyan ɗaya suka rasu. Sun tuna praiseach bhuí, ciyawar da ke addabar gonar hatsi, wadda aka riƙa dafawa a ci don a kai gobe. Wanda ya san matsayin tafasa da yaɗiya a shekarar fari ba ya bukatar ƙarin bayani. Tsofaffin sun ce a ci neantóg, wata ciyawa mai ƙaiƙayi kamar wuta, sau uku a watan Mayu don wanke jini. In ta harbe ka kuwa, ka murza ganyen copóg a wurin. Ita copóg ɗin nan tana cikin waɗanda doka ta ce a tuge.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na makahon da ya je sayen gona. Ya ce wa yaronsa ya ɗaure doki a jikin feochadán, wata ciyawa mai ƙaya. Yaro ya duba ya ce babu ko ɗaya. Makaho ya ce su juya, domin ba ta fitowa sai a ƙasa mai ƙarfi.

Littattafan da yaran suka rubuta suna ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin, an kuma ɗora su a shafin dúchas.ie da rubutun hannun yaran, galibi har da sunan tsohon da ya ba da labarin.