Launukan kayan soja a tsohon tarihin yaƙe-yaƙen Kanada

Launukan kayan soja a tsohon tarihin Kanada magana ce da ta shafi zamanin da ya faro daga 1665, lokacin da rundunar farko ta sojojin sarkin Faransa ta sauka a Kebek, har zuwa 1900 da 'yan Kanada suka yi yaƙi a Afirka ta Kudu sanye da kaki. A wancan zamanin da launin riga ake gane soja, daga nesa za a ce wancan na sarkin Ingila ne, wancan na Faransa ne, wancan kuma manomi ne kawai da aka ba bindiga jiya, to ita kuma Kanada ƙasa ce mai faɗin gaske amma sojojinta 'yan kaɗan ne, shi ya sa kwamandoji suka sha amfani da launi wajen ruɗa abokan gaba, wani lokacin kuma launin ya ruɗa su su ma.

Zamanin Faransawa

Rundunar Carignan-Salières da ta iso a 1665 tana da mutum wajen 1,200, an turo su ne su yaƙi ƙabilun Iroquois, musamman Mohawk, da suka hana 'yan mulkin mallaka sakat. Kwat ɗinsu ruwan ƙasa ne. Su ne suka gina sansanoni a gefen kogin Richelieu, irin su Chambly, kuma bayan sulhun 1667 wajen 400 daga cikinsu suka ƙi komawa gida suka zauna suka yi aure. A farmakin hunturun 1666 da gwamna Courcelle ya jagoranta, mutanen Montreal da suka bi shi da shuɗayen riguna masu hula aka san su, kuma sun fi sojojin Turai iya tafiya cikin dusar ƙanƙara nesa ba kusa ba. A 1669 sarki Louis na 14 ya ba da umarni duk namiji daga shekara 16 zuwa 60 ya shiga mayaƙan gari, waɗannan kam ba su da kayan sarki, kowa da tufafinsa yake fita.

Daga 1683 sai aka fara turo kamfanonin sojojin da ke ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa, su kuma kwat ɗinsu fari ne mai ratsin toka da shuɗi a bakin hannu. Fari dai shi ne launin gidan sarautar Faransa, har tutarsu fara ce. Da irin wannan farin kaya mutanen Janar Montcalm, kwamandan Faransa, wajen 3,600 suka kori sojojin Birtaniya wajen 16,000 a Carillon ranar 8 ga Yuli 1758, da shi kuma suka sha kashi a filin Abraham da ke bakin Kebek ranar 13 ga Satumba 1759, inda Janar Wolfe na Birtaniya ya mutu a filin, Montcalm kuma ya cika washegari. Da Montreal ta miƙa wuya a Satumba 1760 kuma Janar Amherst na Birtaniya ya ƙi barin Faransawa su fita da martabar soja, sai kwamandansu Lévis ya sa aka ƙone tutocin rundunoni don kar su faɗa hannun Birtaniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar ƙyallen tuta a wurin soja, mutum ya yarda ya ba da gari amma bai yarda ya ba da tuta ba.

Jar riga

Ja shi ne launin sojan ƙasa na Ingila tun wajen 1645. Mutane da yawa na cewa wai an zaɓi ja ne don kar a ga jini, amma wannan zance ba shi da tushe, jini a kan jan yadi baƙi yake zama ai kowa zai gani. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne kuɗi da kuma hayaƙi. Rinin da ake yi wa kayan kurata daga saiwar wani tsiro ake samunsa mai araha, yana kuma koɗewa da rana da ruwan sama ya koma kamar jan bulo, su kuwa hafsoshi da kuɗinsu suke ɗinka nasu da rini mai tsada da ake samu daga wani ɗan ƙwaro na Meziko, shi ya sa hafsa yake fita fes a cikin layi, abokan gaba ma suna ganinsa. Sannan bindigogin lokacin kamar bindigar toka ta mafarauta suke, a ɗura albarushi ta baki a danna harsashi, in aka yi harbi biyu uku filin duk ya turnuƙe da hayaƙi, to dole janar ya iya hango nasa mutanen ta cikin hayaƙin. Tun da bindigar ba ta kai nisa da saiti ba, ɓuya ba ta da wani amfani ga wanda zai tsaya a layi kafaɗa da kafaɗa.

Amma dajin Kanada ba filin Turai ba ne, don haka aka samu rundunoni masu koren kaya da ke yaƙin sari-ka-noƙe a ɓangaren Birtaniya, irin su Butler's Rangers na yankin Niagara da Queen's Rangers ta John Graves Simcoe a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Simcoe daga baya ya zama mataimakin gwamna na farko a Upper Canada, wato Ontario ta yanzu, ya sake kafa rundunar tasa, kuma su ne suka share daji suka fara gina garin York a 1793, garin da yanzu ake kira Toronto.

Yaƙin 1812

Nan ne maganar launi ta fi armashi. Amurka ta shelanta yaƙi a kan Birtaniya a Yunin 1812 lokacin da Birtaniya ke fama da Napoleon a Turai, don haka sojojin da ke Kanada ba su da yawa. A Detroit, Janar Isaac Brock na Birtaniya yana da cikakkun sojoji wajen 300 ne kawai da mayaƙan gari wajen 400 da kuma mayaƙan 'yan asalin ƙasar ƙarƙashin Tecumseh shugaban ƙabilar Shawnee wajen 600. Sai ya kwaso tsofaffin jajayen riguna na runduna ta 41 ya sa wa mayaƙan garin, manoma da 'yan kasuwa, ta yadda duk wanda ya leƙo daga kan ganuwa zai ga layin ja ya ɗauka ƙwararru ne, shi kuma Tecumseh ya riƙa zagayawa da mutanensa ta wani fili a cikin daji suna wucewa suna sake dawowa kamar ba za su ƙare ba. Janar William Hull na Amurka ya tsorata ya miƙa garin ranar 16 ga Agusta 1812 tare da mutum sama da 2,000, kusan ba tare da an gwabza ba.

Wata biyu bayan nan jar rigar ce ta nuna Brock. A tudun Queenston ranar 13 ga Oktoba, yana gaba yana jan mutanensa su hau tudu, ga shi dogon mutum ga kayan janar, wani ɗan Amurka ya saita shi ya harbe shi a ƙirji. Rigar tana nan har yau a gidan tarihin yaƙi na Kanada da ke Ottawa, ramin harsashin yana ƙasan ƙwala. Janar Sheaffe ne ya ƙarasa yaƙin ya ci nasara, bayan mayaƙan Mohawk ƙarƙashin John Norton sun tsare Amurkawa na tsawon sa'o'i.

A wannan tudun akwai wani kamfanin sojoji baƙaƙen fata da bai kamata a manta da shi ba. Wanda ya kawo shawarar kafa shi, Richard Pierpoint, a Bundu aka haife shi, cikin Senegal ta yanzu, wajen 1744, aka kama shi yana saurayi aka sayar bawa, ya samu 'yanci bayan ya yi yaƙi cikin masu koren kaya na Butler. Ya kusa shekara saba'in a 1812 amma ya shiga a matsayin kurtu, aka ba wani farar fata, Robert Runchey, shugabancin. A 1821 ya rubuta takarda yana roƙon gwamnati ta mayar da shi gida Afirka, aka ƙi, gona aka ba shi. Abin akwai tausayi ƙwarai.

Sai kuma ruwan toka, wanda ya yaudari ɓangarorin biyu. A Châteauguay ranar 26 ga Oktoba 1813, Charles de Salaberry da mayaƙansa Faransawan Kanada da ake kira Voltigeurs, masu kaya ruwan toka da ke sajewa da itatuwa, sun tare rundunar Janar Hampton na Amurka da ta ninka su sau da yawa, aka baza masu busa begila cikin daji suna busawa ta ko'ina har Amurkawa suka ɗauka an kewaye su suka juya. Mako biyu bayan nan a gonar Crysler, ranar 11 ga Nuwamba, sojojin runduna ta 49 sun ɗora manyan kwat ɗin sanyi masu ruwan toka a kan jajayen rigunansu, Amurkawa suka zaci mayaƙan gari ne suka afko gaba gaɗi, suka tarar da ƙwararru. A Chippawa kuma ranar 5 ga Yuli 1814 abin ya juya, shuɗin yadi ya yi ƙaranci a Amurka don haka sojojin Winfield Scott suka fito da ruwan toka, Janar Riall na Birtaniya ya raina su yana zaton 'yan sa-kai ne, sai da ya ga suna tahowa a jere harsashi na zuba ba su watse ba sannan ya gane, a lokacin kuwa an riga an ci shi.

Akwai wani zance da ke yawo cewa fadar shugaban Amurka ta samu sunan farin gida ne saboda fentin da aka shafa don rufe ƙunar da sojojin Birtaniya suka yi mata a Agustan 1814, a matsayin ramuwar ƙone gine-ginen York a 1813. Ƙonewar gaskiya ce, amma an shafe ginin da farar ƙasa tun 1798.

Kore da ja a Ridgeway

'Yan tawayen Patriotes na 1837, yawancinsu Faransawan Kanada da suka yi wa mulkin Birtaniya bore, tutarsu kore da fari da ja ce. A 1866 kuma 'yan Fenian, 'yan asalin Ireland da ke Amurka, yawancinsu tsofaffin sojojin yaƙin basasa, suka tsallako kogin Niagara da koriyar tuta da nufin matsa wa Birtaniya ta saki Ireland. Ranar 2 ga Yuni suka haɗu da mayaƙan sa-kan Kanada a Ridgeway, Queen's Own Rifles daga Toronto masu kore mai duhu da bataliya ta 13 daga Hamilton masu ja, da yawansu ɗalibai ne da 'yan kanti da ba su taɓa jin ƙarar harbin gaske ba. Da farko sun yi ƙoƙari, sai aka yi ihun ga sojan doki nan alhali babu, aka ba da umarni masu karo da juna, wasu masu kore kuma suka hango jajayen riguna a bayansu suka ɗauka sojojin Birtaniya ne suka zo canjinsu suka fara ja da baya, nan take layin ya wargaje. 'Yan Kanada tara suka mutu sanadin wannan faɗa, kuma tsoron da ya jawo na cikin abubuwan da suka ƙarfafa haɗewar lardunan Kanada su zama ƙasa ɗaya a 1867.

Ko lambar yabo ma da launinta. William Hall na Nova Scotia, baƙar fata na farko da ya samu lambar Victoria, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, saboda jarumtarsa a Lucknow ta Indiya a 1857, shuɗin ƙyalle aka rataya masa ita da shi don shi sojan ruwa ne, su kuwa sojan ƙasa irin su Alexander Dunn, ɗan Kanada na farko da ya same ta a yaƙin Crimea na 1854, nasu ja ne mai duhu.

Yamma, da zuwan kaki

A 1870 Kanar Garnet Wolseley ya ja mutum wajen 1,200 ta koguna da tafkuna zuwa Red River, cikin Manitoba ta yanzu, bayan boren 'yan Métis, ruwa-biyun Turawa da 'yan asalin ƙasar, ƙarƙashin Louis Riel. Da aka kafa 'yan sandan doki na arewa maso yamma a 1873 da gangan aka ba su jar riga, domin 'yan asalin ƙasar sun san ja da sojojin sarauniya, shuɗi kuwa na sojan dokin Amurka ne da ke yaƙar 'yan'uwansu a ƙetaren iyaka. A boren Métis na 1885, rundunar bindigogi ta 90 daga Winnipeg ta yi yaƙi a Fish Creek da kore mai duhun da ya kusa zama baƙi, daga nan ta samu laƙabin ƙananan baƙaƙen shaiɗanu da take tinƙaho da shi har yau.

Shi Wolseley ɗin nan shi ne ya jagoranci yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874 a ƙasar Gana ta yanzu, inda ya cire wa sojojinsa ja ya sa musu ruwan toka saboda zafi da daji, kuma a wannan yaƙin akwai sojoji Hausawa da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas. A 1884 ma ya tuna da matuƙa kwale-kwalen Kanada, ya sa aka ɗebo kusan 400 har da 'yan Mohawk na Kahnawake suka tuƙa sojoji a kogin Nilu don ceto Janar Gordon na Birtaniya da aka yi wa ƙawanya a Khartoum, amma aka isa a makare a Janairun 1885.

Abin da ya kawo ƙarshen ja a fagen fama shi ne bindiga mai nisan zango da albarushi mara hayaƙi, don yanzu wanda aka fara gani shi ake fara kashewa. Ayarin farko na mutum wajen 1,000 da Kanada ta tura Afirka ta Kudu a 1899 da kaki suka yi yaƙin Paardeberg a Fabrairun 1900. Jar riga ta koma ta fareti, 'yan sandan doki na sa ta a bukukuwa, haka ɗaliban kwalejin soja ta Kingston da aka buɗe a 1876, wadda tutarta mai ja da fari da ja ce ta ba George Stanley tunanin tutar Kanada ta yanzu da aka fara ɗagawa ranar 15 ga Fabrairu 1965. A wannan kwalejin Percy Girouard ɗan Montreal ya yi karatu, injiniyan soja da ya shimfiɗa layin dogo a Sudan, daga baya ya gaji Lugard a mulkin Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, kuma a zamaninsa aka fara aikin layin dogo daga Baro wanda ya isa Kano a 1911.