Kifin Devils Hole: zai farfaɗo kuwa?

Wane kifi ne wannan, kuma a ina yake?

Ɗan mitsitsin kifi ne, tsawonsa kusan santimita 3, namijin shuɗi mai sheƙi. A duk duniya ba shi da gida sai wani rami mai ruwa da ake kira Devils Hole, cikin hamadar jihar Nebada a Amurka. Ruwan da ɗumi, digiri 33 zuwa 34 ko da yaushe, iskar shaƙa kuma kaɗan ce a cikinsa. Zurfin ramin ya haura mita 130, masu nutso ba su taɓa kai wa ƙarshensa ba. Amma zurfin nan bai tsinana wa kifin komai ba. Rayuwarsa ta rataya ne a kan wani falalen dutse da ruwa ya ɗan rufe, bai fi tsakar ɗaki faɗi ba. Nan gansakuka ke fitowa, nan yake kiwo, nan yake zuba ƙwai.

Me ya fara jefa shi cikin haɗari?

Rijiyoyin burtsatse. A ƙarshen shekarun 1960 masu manyan gonaki suka shiga janyo ruwan ƙasa, ruwan ramin ya ja baya har falalen ya fara bayyana. Rigima ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1976 ta yanke hukuncin a taƙaita janyo ruwan. Mutanen yankin da dama ba su ji daɗi ba: a hana mutum ban ruwa saboda kifin da ba ya cika miya?

Nawa suka rage?

Sau biyu a shekara masu nutso ke shiga su ƙirga su ɗaya-ɗaya. A da akan samu 500 bayan zafi. A 2013 aka ƙirga 35 kacal. Daga nan suka ɗan murmure, har a farkon 2024 aka samu 191, adadin da rabon a ga irinsa a wannan lokaci na shekara an yi shekara 25. Shekara guda bayan haka sai ga su 38.

Me ya faru cikin shekara ɗaya?

Girgizar ƙasa, kuma ba ma kusa ba. In ƙasa ta girgiza a Meziko ko gaɓar Kalifoniya, ruwan ramin sai ya dinga tambal-tambal, ya share falalen tas, gansakuka da ƙwai duka. Sau ɗaya ba matsala, kifin yakan mayar da ƙwai. Amma biyu suka zo a jere, Disamba 2024 da Fabrairu 2025, daidai lokacin da rana ba ta leƙa ramin, abinci bai samu sake fitowa ba. Kifin da da ƙyar yake wuce shekara ɗaya a duniya ba ya jure irin wannan.

Mutane ma ba a bar su a baya ba. A 2016 wasu mashaya uku suka kutsa shingen da ya kare ramin, ɗaya ya faɗa ruwan yana tattaka falalen.

Ba a iya kiwonsa a wani wuri?

Ana yi. A 2013 aka buɗe cibiya a Ash Meadows, yankin da ramin yake, mai ƙaton tanki da aka ƙera da siffar ramin, har da falalensa. Daga nan aka ɗebo kifi 19 aka saki a ramin a 2025.

To, akwai fata?

Akwai, don ya taɓa tasowa daga 35. Sai dai a ganina abin tsoron ya wuce girgizar ƙasa. Kifayen duk jininsu ɗaya ne saboda ƙarancinsu, ruwan kuma ya riga ya kai iyakar ɗumin da ƙwansu ke iya ƙyanƙyashewa, ga zafin hamadar yana ƙaruwa. Tanki zai hana irin ya ɓace kwata-kwata, amma ba zai sanyaya ramin ba, ba kuma zai hana masu neman ruwan ƙasar Nebada sake haƙa ba.