Horon riƙon littafi da tsofaffin takardu a Accra

Horon riƙon littafi shi ne koya wa ma'aikatan ɗakin karatu da masu zuwa karatu yadda ake ɗauko littafi ko takarda, a buɗe, a karanta, a mayar, ba a rage mata kwana ba. Reshe ne na aikin adana kayan tarihi, kuma shi ne mafi araha a cikin rassan, don ba ya cin kuɗin inji ko magani. Gara da ambaliya sukan cinye takardu masu yawa a tashi ɗaya, shi ya sa ake jin labarinsu. Ɓarnar hannu kuwa a hankali take tafiya, yau gefen shafi ya yage, gobe ɗinki ya saki, kuma yawanci daga wajen masu ƙaunar littafin take fitowa.

Inda takardun suke

A Accra, wadda dattawan zango ke kira Ankara, akwai manyan ma'ajiyoyi kamar ɗakin karatu na Balme a Jami'ar Ghana da ke Legon, da ɗakin karatu na George Padmore, da ma'ajiyar takardun gwamnati da aka fara a 1946, wadda dokar 1997 ta mayar hukumar PRAAD, tana da reshe a Kumasi. A Legon ɗin ne kuma ake koyar da aikin laburare da na adana takardu.

Akwai wani kaso da ya fi shafar Hausawa. Bayan kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon a 1961, masanin tarihi Ivor Wilks da abokin aikinsa Alhaji Usmanu Boyo sun bi garuruwa da zangwanni suna neman rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da na malami marubuci Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934. Da yawa daga cikin takardun aronsu aka yi, aka ɗauki hoto, aka mayar wa masu su. Ke nan asalinsu yana gidajen malamai, cikin gafaka da akwatin ƙarfe, kuma irin waɗannan gidaje suna nan a unguwannin Accra irin su Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina. Horon da ya tsaya a ƙofar jami'a bai kai inda tsofaffin takardun suka fi yawa ba.

Hannu

Darasin farko wanke hannu ne da sabulu, a kuma shanya shi sarai. Shanyawar ce ake yawan tsallakewa. Mai karatu ya fito daga alwala, ya goge hannu a riga, ya kama shafi, laimar da ta rage a yatsa ta isa ta narkar da tawadar da aka haɗa da ƙaro. A hunturu matsalar man kaɗe ce da sauran man shafawa, ga kuma turaren da ake ɗigawa a tafin hannu. Tabon mai ba ya fitowa a ranar. Sai bayan shekaru ya yi duhu, ya riƙe ƙura, ya jawo kyankyaso. Lasar yatsa don juya shafi ita ma haramun ce a wannan aiki, balle ga mai cin goro.

Farar safar hannu ta auduga da ake gani a talabijin ba ta dace da takarda ba. Tana kashe jin yatsa, zarenta yana maƙalewa a gefen da ya tsage, kuma tana kwasar datti daga wannan littafi zuwa wancan. Hannu tsirara mai tsabta ya fi. Inda ake sa safar roba shi ne hotuna da fim, saboda zanen yatsa yana zama a kansu har abada, sai kuma takardar da ta yi funfuna, don kare mai aikin.

Fensir kaɗai ake yarda da shi a teburin karatu. Biro, da ruwan leda, da abinci, a bar su a waje.

Daga kanta zuwa tebur

Yawancin mutane sukan sa yatsa a saman ƙashin bayan littafi su jawo. Wurin nan shi ne mafi rauni a bangon, shi ya sa ake ganin tsofaffin littattafai da kai a yage. Abin da ake koyarwa shi ne a tura littattafan da ke gefe biyu ciki kaɗan, a kama wanda ake so ta tsakiyar bayansa. Idan kanta ta cushe har ba ya fitowa, laifin mai jerawa ne. Idan kuma ta yi sako-sako littattafai suka jingina, bango zai karkace, sai a sa matokari. Manyan littattafai, irin rijistar kotu da jaridun da aka ɗinke shekara-shekara, a kwance ake ajiye su, kada su wuce uku a kan juna, kuma mutum biyu ke ɗaukar mafi girma. Abin da ya fi littafi uku ko huɗu, a ɗora a keken turawa.

A kan tebur, tsohon littafi ba a shimfiɗa shi ya buɗe gaba ɗaya. Ana tokare bangon da soso ko ƙaramin matashi, buɗewar ta tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 120, daidai inda littafin ya yarda da kansa. Shafin da ya ƙi kwanciya, a ɗora masa siririyar jakar ƙyalle mai ɗan nauyi a gefe. Ana juya shafi daga kusurwar sama, tafin hannu na biye da shi. Tsofaffin jaridu irin Ashanti Pioneer da aka fara a Kumasi a 1939 sun fi bukatar haka, domin takardarsu ta ɓawon itace ce mai tsami, da ta tsufa sai ta yi ja ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Injin fotokwafi babban abokin gaba ne, don sai an kife littafi an danne bayansa. Hoto da waya, ba tare da walƙiya ba, ya fi sauƙi a kansa.

Takardun da ba a ɗinke ba

Nan ne horon Accra ya bambanta da wanda aka tsara a Turai. Littafin malaman Afirka ta Yamma ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin allunan tadarishi, a naɗe da fata, a saka a gafaka. Lambar shafi ba kasafai ake samunta ba. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma guda da marubuci ke ajiyewa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba. Idan iska ta kwashe tarin, ko mutum biyu suka raba shi suna dubawa, sai an sami wanda ya iya karatun nassin kafin a mayar da shi daidai. In littattafai uku suka gauraya a gafaka ɗaya, aikin kwanaki ne.

Don haka ƙa'idar ita ce gafaka ɗaya a tebur, mai karatu ɗaya, fanka a kashe. Ana ajiye tarin, a ɗauki warƙa ɗaya a kife ta a gefe, ta biyu a kanta, har a gama, sannan a juyo da tarin gaba ɗaya. Ba a buga gefensa a tebur don ya daidaita, kamar yadda ake yi wa takardun ofis. Kafin a ba kowa, ma'aikaci zai sa lamba da fensir mai laushi a kusurwar kowace warƙa, ya rubuta adadin a takarda dabam, a ƙirga wajen bayarwa, a ƙirga wajen karɓa. Idan an tarar jerin a rikice, a fara ɗaukar hotonsa yadda yake tukuna. Wani lokaci abin da ake zaton rikici ne tsarin mai littafin ne, haka ma 'yan takardun da ya cusa a tsakani, ba a cire su.

Gafakar kanta tana ɓarna idan ta matse, kowane zarewa sai ta goge gefen warƙa. A irin wannan hali ana mayar da takardun cikin akwatin kwali marar tsami, a ajiye gafakar tare da su, don ita ma tarihi ce.

Tawada iri biyu ce, kuma ya kamata ma'aikaci ya iya bambancewa. Ta gawayi da ƙaro baƙa ce, ba ta cin takarda, amma tana gogewa kuma ruwa yana wanke ta. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe takan koma ruwan ƙasa, kuma a wuri mai laima tana cin takarda har harafi ya zama rami. Warƙar da ta kai haka ba a ɗaga ta da yatsa, sai a zura kwali a ƙarƙashinta a ɗauka. Takardar kanta, idan aka ɗaga ta ga haske, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar Italiya da ta shigo ta hanyoyin fatauci.

Gyaran da ya fi yagewa muni

Salatif shi ne ɓarnar da aka fi yi da kyakkyawar niyya. Cikin 'yan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan zuma da ba ya fita. Laminatin ya fi shi muni, domin zafi da gam sun haɗe takarda da leda, babu komawa baya, amma a shagunan fotokwafi ana yi wa takardun gado da na fili haka kullum. Fil da kilif na ƙarfe suna tsatsa da wuri a iskar bakin teku, robar ɗauri kuma tana narkewa ta manne. Ana koya wa ma'aikaci cewa gyara ba aikinsa ba ne. Ya sa abin da ya yage cikin folda, ya rubuta rahoto. Gwani ne ke liƙawa da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ake iya cirewa da ɗan danshi.

Laima, funfuna da ruwa

Laimar iskar Accra takan haura kashi 70 cikin 100 a yawancin shekara, funfuna kuwa daga wajen kashi 65 take samun wurin zama. Iyakwandishan da ake kunnawa da rana a kashe da yamma, ko wanda ɗaukewar wuta ke katsewa, yana iya fin rashinsa illa, saboda takarda tana kumbura tana tsukewa, raɓa kuma tana taruwa a kan abin da ya yi sanyi. Ɗakin da iska ke ratsawa ya fi amfani. Kanta ta ƙasa ta ɗaga daga daɓe da santimita 15, ta kuma rabu da bangon waje. Naɗe littafi a leda don kare shi tarko ne, laima ake kullewa a ciki.

Masu shara su ne suka fi kowa ganin alamun farko, hanyar gara a bango, kashin ɓera, garin takarda a ƙasan kanta, don haka kuskure ne a yi horo ba su. Ana nuna musu goge ƙura da burushi mai laushi, daga ƙashin baya zuwa waje, littafi a rufe, kuma ba a fesa maganin sauro a kan takarda.

Ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta nuna yadda ruwa ke shiga gidaje da ofisoshin birnin cikin dare ɗaya. Jiƙaƙƙen littafi yana da kamar awa 48 kafin funfuna ta kama. Ba a shanya shi a rana, ba a matse shi, ba a tilasta raba shafukan da suka manne. A tsayar da shi a ɗan buɗe a inuwa, fanka na kaɗa iskar ɗakin, a sa farar takarda mai shan ruwa bayan kowane shafi 20 zuwa 25, ana sauyawa idan ta jiƙe. Abin da ya fi ƙarfin masu aiki, a naɗe a sa a firiza, ƙanƙara za ta tsayar da funfuna har a sami lokaci.

Yadda ake gudanar da horon

Lacca ba ta gyara hannu. Ana tara mutum shida zuwa takwas a tebur, a ba su littattafan da aka riga aka yafe, kowa ya ɗauko, ya buɗe, ya mayar, ana yi masa gyara. Ana nuna musu shafin da salatif ya ƙona da rijistar da gara ta huda. Ana maimaitawa kowace shekara, saboda matasa masu bautar ƙasa da ke cika ɗakunan karatu shekara ɗaya suke yi su tafi. Sabon mai karatu kuwa minti biyar a bakin tebur sun ishe shi.

Mafi wuya shi ne yi wa babba gyara. Yarinyar da ta fara aiki bara ba za ta ce wa limamin unguwa ya yi kuskure ba, don haka ana koya mata abin da za ta faɗa da abin da za ta miƙa: "Allah gafarta Malam, ga matashi a ɗora, kada hannu ya gaji." A makarantun zango da gidajen malamai, horon ya fi karɓuwa idan aka bi ta hannun limami ko sarkin zango, aka yi shi a zauren mai littafin, aka kuma faɗa tun farko cewa ba warƙa ɗaya da za ta bar gidan.