Kaskon Baƙin Mai da Injin Sit a Tsohuwar Mota

Kaskon baƙin mai, wanda kanikawa suka fi kira botom filet, shi ne mazubin da ke ɗaure a ƙarƙashin inji, inda mai ke taruwa kafin famfo ya zuƙe shi ya raba wa sassan injin. Injin sit kuwa roba ce mai kauri da aka haɗa da ƙarfe. Ita ke riƙe da inji da giya a jikin mota, tana shanye girgiza, kuma yawancin motoci na da uku ko huɗu. Nisan kaskon daga ƙasa ya dogara ne da lafiyar sit: in robar ta zauna, inji ya sauko, kasko ya biyo shi.

Abin da ke cin robar sananne ne: tsufa, zafin inji, da baƙin mai da ke ɗiga a kanta har ta yi taushi ta kumbura. A Zariya ga ƙarin ramukan damina da tudun rage gudu a cikin unguwanni, ga lodin da ake ɗora wa tasi tsakanin Kwangila da Samaru. In sit ya lalace, direba kan fara jin sitiyari na karkarwa a hannunsa alhali mota na tsaye, sai wani "ƙwas" daga ƙasa duk sanda ya saki kulochi.

Gwajin bai da tsada. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, a taka birki, a sa giya ta gaba sannan ta baya, a ɗan taɓa totur. Mai dubawa ya tsaya a gefe, kada ya tsaya a gaban mota. In inji ya ɗago sosai ta ɓangare ɗaya, sit ɗin wannan gefen ya rabu. Daga ƙasa kuma ana neman wurin da ya goge yana sheƙi, inda kasko ke gugar ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji. Sit mai ruwa a ciki kan bar sawun ɗiga in ya fashe. Da yawa kan ɗora laifin saukowar kasko a kan sifirin, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, amma bambancin a fili yake: sifirin da ya gaji duk motar yake saukarwa, sit kuwa injin kaɗai.

Lahanin ya danganta da irin kaskon. Na ƙarfe, irin na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, lotsewa yake yi. Na alminiyom, kamar na Golf 4, tsagewa yake, man ya tsiyaye a titi. Lotsewar ce ta fi yaudara, don ba a ganin ɗigo ko ɗaya. Rariyar famfon mai tana zaune ne kimanin milimita 6 zuwa 10 daga gindin kasko, in gindin ya turo sama sai ya toshe ta, fitilar mai ta kama, inji ya yi nokin, wato ya lalace saboda rashin mai.

Wasu kanikawa kan kwance kaskon su bubbuge shi, su sa sabon gasket, wato abin da ke hana mai ɗiga tsakanin kasko da inji, su bar mataccen sit yadda yake. Wannan rabin aiki ne, kaskon zai sake dukan wuri ɗaya. Wajen canza sit kuma ba a ɗora jek ɗin ɗaga inji kai tsaye a tsakiyar kasko, sai an sa faffaɗan katako a tsakani.