Kayan gyaran gida: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina aikin kafinta da ƙananan gyare-gyare a gidajen mutane a Kano, kuma tambayoyin nan ba sa canjawa. A wajen ɗaurin aure a tare ni da su, a bakin masallaci a tare ni da su. Ga su nan na haɗa wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan nuna masa.

Me zan fara saya?

Guduma mai baki biyu ta cire ƙusa, filaya, sukundireba sita da filat, tasta ta gwada wuta, tef ɗin awo mai mita 5, sifana wadda ake buɗe bakinta a rage, da tocila. Ka haɗa da salatif ɗin wuta da ƙusoshi 'yan inci 2 da inci 3. Shi ke nan. Da waɗannan za ka ɗaure marfin kabad da ya saki, ka canja kan fulogi, ka matse famfon da ke ɗiga.

Ai wuƙar kicin ma tana kwance sukuru.

Ba ta kwancewa, cinye kansa take yi. Ka lalata wuƙar matarka, ka shafe kan sukurun, wataƙila ka yanke yatsa, sannan ka kira ni in zo in yi awa guda ina fama da abin da sukundireba zai cire cikin minti ɗaya. Dutse ba guduma ba ne, haƙori kuma ba filaya ba ne. Ku daina feƙe waya da baki.

Akwatin nan mai kaya sama da ɗari a ciki, in saya?

Kada ka saya. Yawancin abin da ke ciki ba za ka taɓa ɗauka ba, guda biyar ɗin da za ka riƙa ɗauka kuma ƙarfensu kamar gwangwani yake. Araha ba ta ado. Sayi ɗaya bayan ɗaya, mai kyau, ko da wata-wata ne.

To yaya zan gane mai kyau?

Ka riƙe a hannu. Filaya, ka rufe bakinta ka ɗaga ta wajen haske: in haske na ratsawa tsakanin haƙoran, ajiye. Guduma, ka girgiza ta, in kan yana motsi a kan ƙota, wata rana zai fice ya samu wani. Sifana, ka buɗe ta rabi ka taɓa bakin da yatsa. Mai lilo da yawa za ta cinye maka noti. Rubutun Cr-V da ake bugawa a jikin ƙarfe yana nufin an gauraya shi da sinadaran da ke ƙara masa tauri, amma masu jabu ma sun iya buga shi, kamar yadda suka iya buga sunan Bosch da Stanley a kwali. Nauyi da kyan gamawa sun fi rubutu faɗin gaskiya.

Ina ake samu?

A Kano, Ƙofar Ruwa da kasuwar Sabon Gari. A Kaduna, ka leƙa Panteka. Fartanya, gatari da diga kuwa, je wurin maƙera. Wanda aka ƙera da sifirin mota ya fi na kanti daɗewa, kuma in ya dakushe maƙerin zai wasa maka. Ka taya a shago uku kafin ka zaro kuɗi.

Tasta ta nuna ba wuta, in kama wayar?

A'a, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Tasta tana iya mutuwa ba ka sani ba, kuma a cikin hasken rana ɗan ƙwan nata ba ya nunawa sosai. Ka fara gwada ta a soket ɗin da ka tabbata yana da wuta, sannan ka gwada inda za ka taɓa. Maganar "ai NEPA sun ɗauke" ita ce ta fi ba ni tsoro. Wanda ya ɗauke bai gaya maka lokacin da zai dawo da ita ba. Ka kashe daga babban makunnin gida, in akwai inbata ka kashe ta, in janareto na aiki ka kashe shi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa.

Abin da na yarda mai gida ya yi da hannunsa: canja ƙwan fitila, canja kan fulogi, canja fis. A fulogi mai ƙafa uku, waya mai ruwan ƙasa tana zuwa wajen fis, shuɗiya ɗaya gefen, mai kore da rawaya ta tafi doguwar ƙafar sama. A tsofaffin wayoyi ja ce mai wuta, baƙa ce abokiyarta. Duk abin da ya kai ga allon rarraba wuta, mita, ko haɗa janareto da layin gida, kira mai gyaran wuta. Kuma ku daina cusa makulli ko tsinke a ramin soket don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga. Yanke shi, sa mai ƙafa uku mai fis 13A. Yaranku suna kallon abin da kuke yi.

Injin huda bango, wato diril: in saya? Mai waya ko mai batir?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa kai tsaye bai tambaye ka gidanka ba. Bari in bi ta a hankali.

Da farko, wane irin bango gare ka? In ginin ƙasa ne, ba ka bukatar diril, doguwar ƙusa ta ishe ka, abu mai nauyi kuma ba a rataye shi a irin wannan bango ko da me ka huda. In bulo ne na siminti, ɗan inci 6 ko 9, to cikinsa rami ne, kuma ingancinsa ya danganta da yawan simintin da mai buga bulon ya sa. Wani bulon ƙusar kankare ma tana shiga lafiya, wani kuwa kana bugawa filasta ta zubo kamar faranti. Don labule, madubi, kantar littattafai ko talabijin, huji mai tsafta da fisha, robar nan da ake cusawa kafin a ɗaura sukuru, ya fi ƙusa nesa ba kusa ba. Amma inda aka zuba kankare, kamar saman taga da ƙofa ko ginshiƙi, ƙaramin diril zai yi ta kuka yana zafi bai shiga ba. Kuma sandar labule daidai nan take faɗawa. A irin wannan wuri babban inji ake bukata, kuma ban ga dalilin da mai gida zai saye shi don huji takwas ba. Kira mai shi ka biya.

Sai maganar wuta. Mai waya ya fi araha, ya fi ƙarfi a kan kuɗinsa, kuma zai iya shekaru a ajiye ka ɗauko ya tashi. Wanda yake wat 500 zuwa 750, mai makunni da hoton guduma a jiki, ya wadatar da gida. Matsalarsa ita ce ranar da kake da lokaci ba wuta, ranar da aka kawo kuma ta zo ba ƙarfi. Ƙaramin janareton nan na Tiger yakan iya jan ƙaramin diril in ka kashe sauran kaya, amma yana yi yana nishi, ba kullum nake ba da shawarar haka ba. A inbata ma, ka duba ƙarfinta tukuna, domin irin wannan injin yana jan wuta da yawa a lokacin tashi.

Mai batir kuwa daɗinsa ba a magana: ka hau tsani ba waya na jan ka, ka ɗaura sukuru hamsin hannunka bai gaji ba. Sai dai rayuwarsa tana cikin batirin. Batir ba ya son zafi, mu kuma a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Ka bar shi a but ɗin mota ko ɗakin kwano, ka kashe shi. Ba ya son a bar shi wata da watanni babu caji. In ya mutu, sabonsa yakan kusa kuɗin injin, in ma an same shi, domin batirin Makita ba ya shiga DeWalt, na Ingco ba ya shiga Bosch. Saboda haka kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da batirin shi kaɗai. Kada kuma a ruɗe ka da lamba: mai 18V da mai 20V kusan abu ɗaya ne, bambancin yadda aka auna ne kawai. Mai 12V yana da kyau ga katako da sukuru, a bulo kuwa sai a hankali.

To me zan ce? In sau biyu ko uku a shekara za ka huda bango, ina ganin mai waya ya fi maka, ka jira a kawo wuta. In kai mai yawan taɓe-taɓe ne, ko unguwarku sai a yi kwana uku ba wuta amma kana da sola, mai batir biyu ya fi. In gidan haya kake, wataƙila kada ka saya gaba ɗaya, kuma ka nemi izinin mai gida kafin ka huda masa tayil. Ko wanne ka ɗauka, ka sani bakin huji iri uku ne, na bango, na ƙarfe da na katako, kuma ba a musanya su. Baki ɗan milimita 6 yana tafiya da fisha lamba 6, ɗan 8 da lamba 8. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran: kada ka huda daidai saman soket ko makunni, ko ƙasansu, domin nan wayoyi suke bi a cikin bango. A banɗaki da kicin kuma ka lura da inda bututun ruwa ya bi. Na taɓa zuwa gidan da aka huda bututu don rataye madubi, sai da aka fasa tayil kusan rabin bango kafin a kai ga wurin.

Na ga diril na gwanjo daga Amurka, ga kyau ga araha.

Juya shi ka karanta jikinsa. In an rubuta 110V ko 120V, kana sa shi a soket ɗinmu zai ƙone, sai da na'urar rage wuta. Cajar batir ma haka. Na Ingila da na Jamus wutarmu ɗaya, sai dai a gwada a gabanka.

Ni mace ce, maigida ba ya zama. Zan iya?

Ƙwarai kuwa, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wadda take sarrafa keken ɗinki da injin markaɗe ba sukundireba ne zai gagare ta ba. Yawancin ɓarnar da nake tararwa ta faru ne da rana, lokacin da mata da yara ne kaɗai a gida. Tun yau ki sa a nuna miki abu biyu: inda ake rufe ruwan da ke saukowa daga tanki, da inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya. In famfo ya ɓalle, ki rufe can, ki jira mai gyara ba tare da ɗaki ya cika da ruwa ba. Famfo mai ɗiga kuma sau da yawa 'yar robar ciki ce ta cinye, ko farin zaren nan da ake naɗawa a bakin bututu ne ya yi kaɗan. Ki ajiye ƙulli biyu na zaren a gida. In za ki matse kan famfo, ki naɗa tsumma kafin ki sa sifana, kuma da ya tsaya ki tsaya. Matsewa fiye da kima ita ke fasa shi.

Ina jin warin gas, me zan gyara?

Ba abin da za ka gyara. Rufe kan tukunyar, buɗe tagogi, kada ka kunna ko ka kashe makunnin fitila. In kana neman inda yake fita, ruwan sabulu ake shafawa a bakin tiyo a ga kumfa. Ashana ba abin gwaji ba ce, kuma abin takaici ne a ce har yanzu sai an faɗa. Tiyon da ya tsattsage canja shi ake yi, ba a naɗe shi da salatif.

Tsani fa?

Saya. Kujerar roba a kan tebur ta karya mutane da yawa. Ɗan madaidaici mai buɗewa biyu, mai taki biyar ko shida, ya isa a canja ƙwai a goge fanka. Kusa da wayar wuta kuma kada ka hau na ƙarfe.

Maƙwabci ya zo aro, in hana?

Ba na cewa ka hana maƙwabci, haƙƙinsa ne a kanka. Amma guduma nawa ka saya a rayuwarka, ina suke? Ka shafa fenti a ƙotar kayanka, ka faɗi ranar da kake so a dawo da su, kuma ka aika yaro ya karɓo ba tare da jin nauyi ba. Diril kuwa, gara ka je da kanka ka huda masa. Kai mai aro, in ka karya, ka faɗa. Mayar da abu a lalace a yi shiru shi ke sa mutane su daina bayarwa.

Kayana duk sun yi tsatsa.

Don ka bar su a tsakar gida damina ta bi ta kansu. Goge da takardar yashi, shafa ɗan baƙin mai a tsumma ka mulke su, ka ɗiga kaɗan a gaɓar filaya. Ka samo akwati ɗaya, ko tsohon bokitin fenti mai murfi, komai ya koma ciki bayan aiki, ka ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa. Batirin tocila kuma ka cire shi in za ta daɗe a ajiye, don in ya zubo ciki ya gama da ita.