Dokar Morin: wa Faransa ke biya diyyar gwajin nukiliya a hamadar Aljeriya?

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, a kudancin Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kilotan 70, ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. An ƙara uku a sararin sama kafin ƙarshen Afrilu 1961, sannan aka koma In Ekker a duwatsun Hoggar, inda aka yi gwaji 13 cikin ramukan da aka haƙa a dutsen Taourirt Tan Afella, har zuwa Fabrairu 1966. Jimilla 17. Yawancinsu ma bayan 'yancin kan Aljeriya aka yi su, domin yarjejeniyar Evian ta 1962 ta bar wa Faransa wuraren na shekara biyar. Ramukan kuma ba kullum suke riƙe abin da aka tayar a cikinsu ba: ranar 1 ga Mayu 1962 toshiyar rami ta ɓalle, hayaƙi mai guba ya turnuƙe sojoji da leburori har da ministoci biyu da suka zo kallo.

Sai da aka yi shekara 50 kafin a kafa dokar diyya, ranar 5 ga Janairu 2010. Ana kiranta da sunan ministan tsaro na lokacin, Hervé Morin. Ba ta tambayar ƙasar mutum. Soja ne ko farar hula, Bafaranshe ko Buzu, kowa na iya nema. Idan mai ciwon ya rasu, magadansa su shigar. Kwamitin biyan diyya na gwamnatin Faransa, wanda ake kira CIVEN, shi ke duba takardu.

Sharaɗi uku ne, kuma dole su haɗu. Na farko lokaci: a Reggane daga 13 ga Fabrairu 1960, a In Ekker daga 7 ga Nuwamba 1961, duka biyun zuwa 31 ga Disamba 1967. Na biyu ciwo: sai wanda ke cikin jerin gwamnati, wanda ya fara da 18, ya koma 21, ya kai 23 a 2019. Kusan dukansu ciwon daji ne, irin su na jini, na nono, na huhu, na hanta da na hanji. Na ƙululun wuya da ake kira thyroid kuwa sai idan mutum yana ƙuruciya lokacin da gubar ta same shi.

Na uku, wuri, shi ne inda gizo ke saƙa. Bayan sansanonin gwajin kansu, yankin da aka amince da shi a Reggane wani siririn yanki ne mai buɗin digiri 10 kacal, wanda ya miƙa gabas tsawon kilomita 350. A In Ekker digiri 40 ne, tsawon kilomita 40, da ƙarin kilomita 100. Iska kuwa ba ta bin zanen taswira. Wata taswirar sojan Faransa da aka fito da ita daga sirri, jaridu suka buga a 2014, ta nuna burbushin bam ɗin farko ya isa Injamena kwana ɗaya bayan fashewar, cikin mako biyu ya bazu a Afirka ta Yamma. Shugabannin lokacin ba su ɗauki abin da wasa ba: Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Gana, Najeriya kuma ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. Amma mutumin Agadas ko Zinder ko Kano da ya shaƙi ƙurar hunturun waɗannan shekaru ba shi da gurbi a dokar, sai in ya je ya zauna ko ya yi aiki cikin yankin da aka shata. A Polinesiya, tsibiran Faransa da ke tekun Pasifik, inda Faransa ta yi gwaji 193 daga 1966 zuwa 1996, tun 2013 aka faɗaɗa dokar ta game ƙasar duka. Ba a yi wa Sahara haka ba, kuma wannan bambanci ba shi da hujjar da hankali zai kama.

Wanda ya cika sharuɗɗan, doka ta ɗauka gwajin ne ya jawo masa ciwon. Ba sai ya kawo shaidar kimiyya ba. Sai dai an bar wa kwamitin ƙofar musantawa. Da farko yana iya cewa haɗarin bai taka kara ya karya ba, kuma da wannan aka kori mafi yawan masu nema. An soke wannan a Fabrairu 2017. A Disamba 2018 aka kawo ma'auni: idan kwamitin ya tabbatar tururin nukiliyar da mutum ya sha bai kai milisibat 1 (ma'aunin tururin da ya shiga jiki) a shekara ba, zai iya ƙin biya. Leburan da ba a taɓa rataya masa na'urar awo ba, da ƙiyasi ake yanke masa hukunci.

Takardun da ake bukata su ne shaidar ko wane ne kai, shaidar zama ko aiki a wurin a waɗannan shekaru, da bayanan asibiti da suka ambaci sunan ciwon, musamman sakamakon gwajin tsoka. Nan makiyayi ke faɗuwa. Wa ya ba shi takardar zama a 1962? Wanda ya rasu a ruga, wa ya rubuta abin da ya kashe shi? Ga shi kuma da Faransanci ake cike komai. Shi ya sa bayan shekara goma da dokar, mutum ɗaya tak mazaunin Aljeriya aka biya.

Idan an amince, likita zai auna girman cutarwar, a yi tayin kuɗi dunƙule. Wanda ya karɓa ya rufe wa kansa ƙofar kai ƙara kan wannan cutarwar. Wanda aka ƙi, ko ya raina tayin, yana iya zuwa kotun da ke shari'a da hukumomi a Faransa. Dokar ba ta ce komai kan share ƙasar ba, kuma motoci da ƙarafa masu guba da aka binne cikin yashi kafin sojojin su tashi a 1967 suna nan inda aka bar su.